Daga Ina Marubuta Ke Tsinto Labari?

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Gusau, kuma tun ina ƙarama nake son rubuta ƙagaggun labarai. Nakan ji ana cewa marubuci kaza yana cikin tafiya ya ga wani ɗan abu a hanya, ko ya ji wata magana a mota, shi ke nan sai ga littafi. To ni kullum ina fita, ina zuwa kasuwa da asibiti da gidan biki, amma ban taɓa ganin abin da ya zame mini labari ba. Da gaske ne haka take faruwa, ko daɗin baki ne irin na marubuta? In kuwa gaskiya ne, baiwa ce da aka keɓe wa wasu, mu sai dai mu haƙura?

Amsa: Allah ya yi miki albarka, ya ƙara basira. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, don tana cikin waɗanda masu sha'awar rubutu da yawa ke ta juyawa a zuci amma kunya ta hana su furtawa. In na fahimce ki, abu biyu kika ɗaure wuri guda. Kina son ki san ko ɗan ƙaramin abin da aka ci karo da shi a hanya yana iya haifar da littafi. Sannan kina son ki san dalilin da ya sa ke bai taɓa faruwa da ke ba.

E, yana faruwa, kuma akwai shaidarsa a rubuce. Sai dai masu ba da irin wannan labari sukan faɗi tsakiyarsa ne kawai, su bar farko su bar ƙarshe. Bari in kawo miki guda ɗaya cikakke.

A watan Yulin 1896, Leo Tolstoy, shahararren marubucin nan na ƙasar Rasha, ya fita yawo da ƙafa. Yana da shekara 67 a lokacin. Sai ya ratsa wata gona da aka bi da garma aka bari ba a shuka komai ba, baƙar ƙasa iya ganin ido, ko tsiron ciyawa babu. Can a bakin hanya ya ga wata ƙaya mai jan fure, da reshe uku. Ɗaya ya karye, furensa na reto. Na biyu shi ma ya karye, ya sha taɓo har ya yi baƙi. Na ukun ya karkace gefe, ƙura ta rufe shi, amma da ransa, jan furensa na nan a tsakiya. Washegari sai ya rubuta a littafin da yake ajiye al'amuransa na yau da kullum cewa ƙayar nan ta tuna masa da Hajji Murad, kuma yana jin yana so ya yi rubutu a kansa.

Shi wannan Hajji Murad jarumi ne Musulmi daga Dagistan, a tsaunukan Kaukasas, ɗaya daga cikin na'iban Imam Shamil da suka daɗe suna gwabzawa da rundunar Sarkin Rasha. A 1851 suka ɓata da Shamil, ya tsallaka wajen Rashawa, yana fatan su taimake shi ya ƙwato iyalinsa da Shamil ya tsare. Da ya ga ana ta ja masa rai, sai a watan Afrilun 1852 ya sulale da 'yan mutanensa kaɗan. Aka bi su aka yi musu ƙawanya, ya yi ta faɗa da raunuka a jikinsa har ya cika. To, a daidai wannan lokaci Tolstoy yana saurayi ɗan shekara 23, yana wannan yanki tare da sojojin Rasha. Ya ji labarin mutumin tun yana da ɗumi, har ya ambace shi a wasiƙar da ya aika wa ɗan'uwansa.

Ki yi lissafi: daga 1852 zuwa 1896, shekara 44 ke nan labarin yana kwance a zuciyarsa. Manoma nawa ne suka wuce ƙayar nan a ranar? Duk sun gan ta, ba wanda ta tuna wa komai, don ita kanta ƙayar ba ta ɗauke da labari ko na anini. Abin da aka ci karo da shi a hanya ashana ne, 'yata. In kika ƙyasta ashana a murhun da babu itace, cin kanta za ta yi ta mutu. Itacen Tolstoy shi ne shekarun da ya yi a fagen yaƙi, da mutanen tsaunukan da ya zauna da su, da tsufan da ya fara sa shi tunanin yadda mutum ke fuskantar ajali.

Wannan shi ne farkon da ba a cika faɗa ba. Ga kuma ƙarshen. Bayan ganin ƙayar, sai da ya kai 1904 yana fama da littafin, shekara takwas, yana rubutawa yana sokewa yana sakewa. Ya nemi tsofaffin takardun gwamnati ya karanta. Ya rubuta wasiƙa ga matar jami'in da aka sauki Hajji Murad a gidansa, lokacin ta tsufa, yana yi mata tambayoyi irin na ƙwaƙwa: yana ɗan jin Rashanci? Ɗingishinsa ya fito fili? Gidan yana da lambu? Yana kiyaye salloli biyar? Littafin da aka sha wa wannan wahala ba shi da wani kauri, kuma Tolstoy bai ga fitowarsa ba. Ya rasu a 1910, aka buga littafin a 1912.

Yanzu sai batun baiwa. Ba zan ce miki babu ita ba, don Allah bai yi mu daidai ba. Wani da ya buɗe baki zai ba da labarin zuwansa kasuwa sai kowa ya bar abin da yake yi. Akwai kuma abin da ake kira ilhama, wato tunanin da ke faɗo wa mutum a zuci ba tare da ya zauna nemansa ba. Inda ake yin kuskure shi ne a zaci ilhama tana sauka ne a kan wanda bai shirya komai ba. A ƙasar Hausa ma akan ce mawaƙi kaza mutanen ɓoye ne ke ba shi waƙa. In kika bi tarihin yawancinsu kuwa, sai ki tarar sun yi shekara da shekaru suna amshi a bayan wani kafin su tsaya da ƙafarsu.

J.K. Rowling, wadda ta rubuta Harry Potter, ana yawan kafa hujja da ita. A 1990 jirgin ƙasan da ta shiga daga Manchesta zuwa Landan ya yi jinkirin awa huɗu, a nan yaron, wato Harry ɗin, ya faɗo mata a rai. Biron da ke hannunta ba ya rubutu, kunya kuma ta hana ta aron na wani, sai ta zauna tana ta saƙa da warwara. Gaskiya ne. Amma tun tana 'yar shekara shida take rubuta labarai, kuma littafin farko bai fito ba sai 1997, bayan kamfanonin ɗab'i goma sha biyu sun ce ba sa so.

Kin lura da wani abu kuwa? Tolstoy yawo yake yi, Rowling zaman jira take yi. Ba wanda ke zaune gaban takarda yana cizon alƙalami. Wannan ba dace ba ne kawai. Tun a 1926 wani malamin jami'a a Ingila mai suna Graham Wallas ya bayyana cewa sabon tunani yakan bi matakai: mutum ya fara tara sani da wahalar da kansa a kan abu, sannan ya bar shi ya kwanta ya kama wata sabga, daga nan amsa ta haska masa kwatsam, a ƙarshe ya dawo ya tantance ko tana da amfani. Mutane matakin haskawar kaɗai suke gani, shi ya sa abin ke yi musu kama da siddabaru. Daga baya, a 2001, wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Marcus Raichle, da abokan aikinsa, suka nuna da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa cewa akwai wasu sassa da aikinsu ke ƙaruwa a lokacin da mutum ba ya yin wani abu mai buƙatar tattara hankali. Binciken da ya biyo baya ya danganta waɗannan sassa da tuna abin da ya wuce, da hasashen abin da zai zo, da ƙoƙarin gane abin da ke zuciyar wani. Ai kuwa kayan aikin mai ƙaga labari ke nan gaba ɗaya. Shi ya sa tunani mai kyau ya fi zuwa wa mutum yana wanke-wanke, ko yana tsintar shinkafa, ko yana zaune a bayan a-daidaita-sahu an tsaya a cunkoso.

A nan zan ɗan yi miki tsegumi irin na kawu. Kin ce kina zuwa asibiti da kasuwa. To a layin ganin likita, ina idonki yake? In a kan waya yake, kin je asibitin amma ba ki gan shi ba. Duk ɗan zaman jiran da a da mutum kan yi yana kallon jama'a, zuciyarsa na yawo, yanzu WhatsApp da TikTok sun cinye shi. Ban ce ki jefar da waya ba, da ita za ki rubuta labarin ma wataƙila. Amma da Rowling tana da abin latsawa a cikin jirgin nan, Allah kaɗai ya san ko da yaron ya sami ƙofar shigowa.

Bari mu gwada abin tare, ki ga yadda ake yi. Ki ɗauka kin shiga kemis sayen maganin mura. A gabanki akwai wata mata riƙe da takardar likita. Mai kemis ya duba, ya danna kwalkuleta, ya faɗi kuɗi. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "A ba ni na kwana biyu tukuna." Ta kwance haɓar zani, ta ƙirgo tsofaffin takardun kuɗi da suka sha ninki. Amma hannun da ke ƙirgar ya sha sabon lalle, ja da baƙi, har da zanen fulawa. Da aka miƙo mata maganin, sai ta zare shi daga ledar da ke ɗauke da sunan kemis ɗin, ta cusa shi can ƙasan jaka, ta yar da ledar kafin ta fita.

Kowa a wurin ya gani. Mafi yawa za su ce "Allah sarki" a zuci, kafin su kai bakin titi sun manta. Mai rubutu kuwa wani abu ne zai tsaya masa a rai, wato abu biyu da ba su dace da juna ba: lallen biki da maganin kwana biyu. Ga kuma ledar da aka yar. Ruwa ba ya tsami banza. Maganin wa ye? Wa take ɓoye wa? Daga nan sai ki fara "a ce". A ce bikin 'yarta ne, an sa ranar Juma'a mai zuwa. A ce mai gidan ne ke kwance a ƙuryar ɗaki, ciwo ya ci ƙarfinsa, kuɗin da aka tara na gara sun tafi asibiti. A ce in dangin ango suka ji za su nemi a ɗaga biki, ita kuwa ta san in aka ɗaga ba lalle a sake sa rana ba, don uwar angon dama ba ta so. Kin ga yanzu kina da tauraruwa, wato wadda labarin ke tafiya a kanta. Kina da abin da take so, da abin da ya tare mata hanya, da kwanaki ƙididdigaggu da za su sa mai karatu ya kasa ajiye littafin. Jigo ma, wato babban abin da labarin ke magana a kai, ya fito da kansa ba tare da kin yi wa'azi ba: tsadar rufin asiri.

Wata marubuciyar da ke tsaye kusa da ke a kemis ɗin, labarin daban za ta fitar. Mai yiwuwa a wajenta matar kishiya ce da ke jinyar uwargida a ɓoye, ko mai yin lalle ce da ke tallar sana'arta a hannunta. Kowa da abin da rayuwa ta tara masa, da shi zai fassara abin da ya gani. Don haka kada ki ji tsoron wai wani zai riga ki.

Sau da yawa ma abu ɗaya ba ya isa, sai ya haɗu da wani da ba su da dangantaka ko kaɗan. Agatha Christie, 'yar Ingila mai rubuta labaran binciken kisan kai, ta san labarin jirgin ƙasan Orient Express da dusar ƙanƙara ta tsare kwanaki a Turkiyya a 1929, ita ma ruwan sama ya taɓa tsare ta a cikinsa a 1931. A 1932 kuma jaridun duniya suka cika da labarin sace jaririn Charles Lindbergh, matuƙin jirgin saman nan na Amurka, wanda aka tsinci gawarsa daga baya. Jirgin da ya maƙale daban, jaririn da aka sace daban. Ta ɗaura musu aure, a 1934 ta fitar da ɗaya daga cikin littattafanta da suka fi shahara. Saboda haka abin da kika gani yau, in bai ce miki komai ba, ki ajiye shi. Abokin tafiyarsa na iya zuwa baɗi.

Akwai wani kuskuren da nake so ki kauce wa tun yanzu, shi ne zaton cewa sai kin san yadda abin ya ƙare a gaske. Kada ki bi matar kemis ki tambaye ta. Henry James, Ba'amurken marubuci da ya yi zamansa a Ingila, yana wajen wata liyafar cin abinci a Landan a watan Disambar 1893 sai matar da ke kusa da shi ta ɗauko zancen wata uwa da ɗanta da suka ɓata a kan kayan gida bayan rasuwar uban. Rikicin gado dai, irin wanda muka sani. Nan take ya ji ya sami labari. Da matar ta ci gaba da bayanin yadda aka ƙare, shi kuwa sai ya ji tana ɓata masa aiki, don 'yar ƙwayar farko kaɗai yake buƙata. A ganinsa rayuwa ba ta iya tsara labari ba, takan yi ta kwana-kwana ta ƙare a inda bai da ma'ana. Littafin da ya gina a kan wannan zance ya fito a 1897. Ni ma ina tare da shi a nan. Yawancin labaran sababbin marubuta da ke yin sanyi a tsakiya, in kika bincika, marubucin ya ƙi sakin abin da ya faru ne, yana cewa ai haka aka yi.

Wani dalilin kuma ya fi wannan nauyi. In kika kwashe sirrin gidan maƙwabta yadda yake, kika canza suna kawai, kika watsa a zauren WhatsApp, duk unguwa za ta gane, kuma sunan abin gulma ko da an yi masa babi-babi. Zumunci ya sha lalacewa a kan haka. Ki ɗauki ƙwayar, ki sauya gari, ki sauya sana'a da shekaru, ki haɗa halin mutum uku a jikin mutum ɗaya, har mai abin ma in ya karanta ya ji tausayin tauraron ba tare da ya ga kansa ba.

Namu marubutan ma haka suka yi. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙaramar yarinya, kuma wannan ciwo ya fito a Wa Zai Auri Jahila? na 1990. Amma ba tarihinta ta zauna ta rubuta ba. Ta ƙagi Abu, ta ba ta nata ƙauyen, da nata tsohon mijin, da tata hanyar komawa karatu. Alhaji Abubakar Imam kuwa ya nuna cewa karatu ma tara kaya ne. Da yawa daga labaran Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, tushensu littattafan wasu ƙasashe ne, irin su Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus. Abin da ya sa muke jin su kamar a bayan gidanmu aka yi su shi ne kunnen da ya kasa wa fadawa da 'yan kasuwa da alƙalai, ya san yadda kowannensu ke magana.

To me za ki yi daga gobe? Ki sami ɗan ƙaramin littafi, irin na naira kaɗan da ke shiga jaka, ko ki buɗe wuri guda a wayarki. Kullum ki rubuta abu ɗaya da kika gani ko kika ji, kafin ki kwanta. Sharaɗin shi ne ki rubuta abin da ido ya gani, ki bar hukunci. "Na ga wata mata abin tausayi" ba zai amfane ki da komai ba bayan wata shida. "Ta ce a ba ta na kwana biyu, hannunta da sabon lalle" zai dawo miki da wurin gaba ɗaya har da warin kemis ɗin. Maganar mutane kuma ki kama ta yadda suka faɗe ta, da karin harshensu. In Bazamfariya ta ce "mi kika ce", kada ki gyara mata zuwa Hausar Kano. A ƙarƙashin kowanne ki sa tambaya ɗaya da ba ki san amsarta ba.

Ki sani tun yanzu, mafi yawan abin da za ki tara ba zai zama komai ba, kuma hakan ba asara ba ce, idonki ne ke koyon aiki. Wanda zai zama labari za ki gane shi da alama ɗaya: ba ya barin ki. Kina girki ya dawo, kina hanyar makaranta ya dawo, har ki fara jin mutanen cikinsa suna magana. In ya kai haka kada ki tsaya jiran wata ilhama ta biyu, ki zauna ki fara, ko da shafin farko ya fito a karkace.

Kuma ki fara da gajere. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya soma a 2016 domin mata marubuta gajeren labari take karɓa, kuma irin waɗannan 'yan abubuwa na cikin gida da unguwa sun ishi gajeren labari. Matar kemis ɗin nan na bar miki ita, ki yi yadda kika ga dama da ita. In kin kammala ki aiko mini in karanta, Allah ya ba da sa'a.